Duwatsun da Muka Daina Hawa



Kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ya zo hutu tare da abokinsa, yaro mai natsuwa, haifaffen birni. Da suka ci tuwo suka sha ruwa, sai baƙon ya gyara zama ya ce, "Baba, a nan Sabuwa ina ake kai baƙo ya buɗe ido?" Na buɗe baki zan amsa, sai harshena ya yi nauyi. Wuraren kam suna nan, ban manta ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya faɗo mini a rai, kafin in ambaci sunansa sai zuciya ta ce, a'a, can ba ya shiguwa yanzu. Ƙarshenta kasuwa aka kai yaron, ya sayi rake, ya kwana biyu ya koma Kano. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na kawo shi gabanku yau.

Wanda ya san Katsina ta wajen Daura ko Kaita kaɗai, bai san rabinta ba. Can rairayi ne da gawo da gero. Da ka wuce Malumfashi ka miƙi hanyar Funtuwa, ƙasa sai ta sake launi, ta yi nauyi, ta riƙe ruwa, har a littattafan tarihi ake kiran wannan kudanci Katsina Laka. Daga Funtuwa ka bi ta Dandume ka shigo Sabuwa, kana kan hanyar Birnin Gwari ke nan, kuma kana cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar. Masara a nan takan fi mutum tsawo. Ɗorawa da kaɗanya suna tsaye cikin gonaki kamar masu gadi, can gefen daji kuma doka da maje da marke. A tsakanin wannan kore, nan da can, sai ka ga baƙin dutse ya ɓullo daga ƙasa, wani a kwance kamar bayan giwa, wani an ɗora shi kan wani kamar da hannu aka jera.

Ku saurari sunayen garuruwanmu ma, za ku ji ƙasar tana magana. Cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Sabuwa akwai Gamji, sunan itace ne. Akwai Rafin Iwa, ita kuwa iwa ciyawar bakin ruwa ce da ake saƙa asabari da ita. A Faskari akwai Mairuwa, akwai Birnin Kogo. Kakanninmu da suka sari waɗannan wurare sun duba abin da ke gabansu ne suka raɗa suna, itacen da suka sauka a gindinsa, ko rafin da suka sha, ko kogon da suka fake.

Mu dai da muke yara ba mu san wani abu wai shi yawon buɗe ido ba. Dutse muka sani, dutsen bayan gari. A gindinsa akwai fa, wato falalen dutse mai faɗi, inda iyayenmu mata ke shanyar barkono da kuɓewa da tsabar da aka wanke. Wannan fa shi ne tabarmar gari duka, ba na kowa ba ne, kuma kowa ya san gefensa. Mu kuwa sama muke yi. Mu karyo reshe mai ganye, mu zauna a kai, mu sulalo daga tsakiyar dutse har ƙasa, wando ya huje, a sha duka da yamma, gobe a koma. Da damina ramukan da ke kan dutsen sukan cika da ruwa garau, talibambam na yawo a ciki. Rema takan fito shan hantsi, da ta hango mu sai ta shige tsaga. In ka kai ƙololuwa bayan la'asar, gari gaba ɗaya yana ƙarƙashinka: rumbuna, hayaƙin girkin dare, garken shanu na komawa ruga da ƙurarsu a baya, muryar ladan tana iso maka a makare. A can sama na fara gane cewa garinmu ƙarami ne, kuma akwai wasu garuruwa bayansa.

Dajin ma kalanda gare shi, kuma da baki muke karanta ta. Bazara ta ɗorawa ce, leɓe duk ya yi rawaya. Da ruwa ya sauka sai kaɗe ya fara zuba, mata su yi sammako tsinta. Can cikin damina tsada, da kaka ɗinya ta baƙanta mana haƙora, hunturu kuma kanya da magarya. Tare da 'ya'yan Fulani muke wannan yawo. Su suka fi mu sanin inda ruwa ke kwana har tsakiyar rani, su suka koya mini bambanta sawun gada da na akuya. Na faɗi wannan ne da gangan, domin yaran yau in ka ba su labarin sai su ɗauka tatsuniya kake yi.

Su waɗannan duwatsu, masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 600. A can ƙarƙashin ƙasa suka daskare daga narkakken dutse, sannan ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ya lulluɓe su, mai taushi ya tafi, mai tauri ya tsaya. Santsin bayansu kuwa daga yadda suke saɓa ne, falle bayan falle kamar ɓawon albasa. Zafin rana ya buɗa fatar dutsen, sanyin dare ya tsuke ta, ruwa ya shiga tsaga, yau da gobe sai ɓangare ya ɓalle. Dangi ɗaya ne da Kufena ta Zariya da dutsen Kwatarkwashi, wanda duk matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau sai ya ɗaga kai ya dube shi, ko da sau ɗari ya wuce ta wurin.

Akwai wani abu game da ruwan wannan yanki da nake jin daɗin faɗa wa baƙi. Muna zaune ne a kan tudu, a gadon bayan ƙasa, inda ruwa ke raba hanya. Gulbin Sakkwato a kusa da Funtuwa yake farawa, ɗan rafi ne da yaro zai tsallake. Daga nan ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a wajen Sakkwato, ya gangara ta ƙasar Kabi ya faɗa Kwara. Ruwan da ya gangara kudu kuwa, ta wajen Birnin Gwari, Mariga ce ke kwashe shi ta kai wa Kogin Kaduna. Hadari ɗaya ya zubo su, ɗaya ya yi arewa ɗaya ya yi kudu, kuma ba za su sake gamuwa ba sai can ƙasar Nufe, inda Kaduna ke shiga Kwara, bayan na farkon ya wuce Yawuri da Kainji da Jaba. Manomin shinkafa a Argungu bai san wani ɓangare na ruwan fadamarsa daga bayan gidajenmu ya taso ba. Mu ma da yawanmu ba mu sani ba.

Wanda ke son ganin ruwa a shimfiɗe, madatsar Mairuwa tana nan a ƙasar Faskari, dab da Funtuwa, ita ce ke shayar da birnin tun da daɗewa. Hannun mutum ne ya tare ta, amma tsuntsaye ba ruwansu da wannan. Da sanyin safiya za ka tarar da balbela da zalɓe a bakin ruwa, masunta na duba komarsu, masu lambu na jan ruwa zuwa tumatir da albasa.

Manyan wuraren kuwa guda biyu ne, kuma kowannensu yana da takardar gwamnati. Na farko gandun dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari ta jihar Kaduna, maƙwabtanmu na kudu maso yamma. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120. A cikinsa akwai Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. Akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema mai manyan duwatsu birjik a kan juna. An san shi da giwa da gwanki da kanki da mugun dawa da gwaggon biri, ga tsuntsaye irin su tuje da burtu, burtun nan da maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe don su yaudari namun daji. Ta yamma kuma yana jingine da dajin Kuyambana na Zamfara. Na biyu namu ne na gida, dajin Kogo a yankin Faskari, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 200. Sunan Kogo ba baƙo ba ne a Sabuwa, tun da hakiminmu ma sarautar Kogon Katsina yake riƙe da ita.

To jama'a, ga inda zancen yake da ɗaci. Ku sake bin jerin nan da na yi, Kamuku, Kuyambana, Kogo, ku ƙara da dajin Rugu da duwatsun Pauwa na ƙasar Ƙanƙara. In wani ya kunna rediyo a tsakiyar maganata, zai ɗauka rahoton tsaro nake karantawa. Taswirar wuraren da suka fi kyau a ƙasarmu ita ce taswirar wuraren da muka fi tsoro, ba ƙari ba ragi.

Ba kuma haka kawai abin ya zo ba. Abin da ya sa wuri ya yi kyau, shi ne ya sa ya yi daɗin ɓuya: dutse mai kogo, duhuwar itace, ruwan da ba ya ƙafewa, tudun da za ka hango mai zuwa tun yana nesa. Kakanninmu sun san wannan sarai. Kano a gindin Dala ta tashi, tsohuwar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, mutanen Kwatarkwashi suka manne wa dutsensu. Zamanin hare-hare, in mahaya suka ɓullo, dutse ake gudu, a kai mata da yara da hatsi sama. A da mutanen gari ne a kan dutse, maharan suna ƙasa. Yanzu an yi musaya.

Watan Disamba na 2020 ya ishe mu misali. A cikin watan ne gwamnatin tarayya, ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari, ta sanar da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10, daga 7 su koma 17, kuma Kogo na cikinsu, tare da irin su Falgore ta Kano. A cikin watan ne kuma, daren 11 ga wata, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa, sai ranar 17 aka sako yara 344. Wata guda, yanki guda. A Abuja ana rubuta dajinmu cikin wuraren da baƙi za su zo kallo, a gida kuma iyaye na zaune a ƙofar makaranta suna kallon dajin suna kuka. Da shekara ta kewayo, a ƙarshen Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Faskari da Sabuwa. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, mu ma muna ciki. Wanda ke neman tudun da zai hau ya samu sabis ya gaida ɗansa, ba zancen kallon faɗuwar rana yake ba.

Na san wani zai ce, Malam, ana ta rai wa ke ta dutse? Mutane sun rasa 'yan'uwa, sun sayar da gona sun biya kuɗin fansa, kai kana zancen ɗinya da rema. Gaskiya ne, kuma ban haɗa asarar rai da komai ba. Amma akwai wata asara da ba a lissafa ta, domin ba ta da gawa. Yaron da aka haifa a 2015 yau ya isa hawan dutse, ya isa kiwo, ya isa a aike shi ciyawa. Tun da ya buɗe ido, kalmar daji a kunnensa ma'anarta ɗaya ce. In an ce "mutanen daji" ya san su wa ake nufi, kuma ba maharba ba ne, ba masu saƙar zuma ba. Bai san kirya ba sai a buhun gawayi. Bai taɓa raba ƙwaryar nono da ɗan Fulani a gindin kanya ba, shi ma ɗan Fulanin bai taɓa shiga zaurensu ba. Yara biyu da ba su taɓa wasa tare ba, da me za su riƙe sulhun da manya suka ƙulla? Sannan tsofaffin da suka san sunan kowane tsauni da kowace ƙorama, da inda burtali ya bi, da inda mashaya take, da wace saiwa ke maganin me, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu ma a gidajen haya a Funtuwa ko Zariya inda gudun hijira ya kai su. Duk wanda aka binne, an binne shi da wani yanki na taswirar.

Kada kuma mu ɗora wa 'yan bindiga laifin duka. Tun kafin su, mu ne muka fara juya wa dajin baya, sai in za mu ɗebo wani abu a ciki. Mun cinye burtali da garma. Mun sare kirya da marke mun yi gawayi mun loda wa motoci. Madobiya kuwa sai da aka yi mata wawa a faɗin Najeriya ana fitar da ita Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Malaman daji da a da ake shakkarsu suka zama ba mota, ba kayan aiki. Abin da na lura da shi a 'yan shekarun nan ya fi ban takaici: da yake nesa ba ta zuwuwa, gatari ya dawo kan itatuwan bakin gari, har ɗorawa da kaɗanyar da kakanninmu ba sa sara. Wasu wuraren kuma fa ɗin da ake shanya a kai an fasa shi an sayar da tsakuwa. Wannan ba baƙo ne ya yi mana ba.

Ko ƙasa irin wannan tana dawowa? Tana dawowa, akwai inda aka gani. A Mozambik akwai gandun dajin Gorongosa. Yaƙin basasar ƙasar, daga 1977 zuwa 1992, a cikinsa aka yi wani ɓangare mai zafi, 'yan tawayen Renamo suka kafa sansani a yankin dutsen Gorongosa, aka karkashe sama da kashi 90 cikin 100 na manyan namun dajin, wasu don nama, giwaye don haure. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniyar farfaɗo da shi da gidauniyar wani Ba'amurke, Greg Carr. Abin da ya ja hankalina shi ne ta inda suka ɓullo wa aikin. Mutanen ƙauyukan gefen dajin aka ɗauka aikin gadi, har da waɗanda suka taɓa riƙe bindiga a yaƙin. Aka taimaka da makarantu da asibitoci, aka koya wa manoma shuka gahawa a jikin dutsen a ƙarƙashin inuwar itatuwan gida, ta yadda barin itace a tsaye ya fi sare shi riba. Namun daji suka dawo da dubbai. A ranar 1 ga Agustan 2019, a cikin wannan gandun daji shugaban ƙasa Filipe Nyusi da jagoran Renamo Ossufo Momade suka sa hannu kan daina faɗa. Ban ce Kogo Gorongosa ce ba, kuma ban ce mu zauna jiran wani attajiri daga Amurka ba. Darasin da na ɗauka shi ne, da ɗan gari akan ci gari. In har za a mai da Kogo gandun daji na gaske, ba na takarda ba, to ɗan Faskari da ɗan Sabuwa, Bahaushe da Bafillace, su ne za su sa kakin gadin, kuma su ga amfaninsa a tukunyar gidansu. Gandun da aka zana a ofis aka kori maƙwabtansa, sabon rikici aka shuka.

An dai ɗan samu sarari a wasu wurare. A ƙarshen 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari har kasuwar shanu ta sake ci, a 2025 kuma an yi irin wannan zama a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, har da shiyyarmu. Ra'ayoyi sun bambanta a kai, ni ma ina da nawa, amma ba shi ne zancen yau ba. Abin da zan ce a fili shi ne, kada wani ya ji wannan shiri ya ɗauki yara ya nufi Dogon Ruwa ko cikin Kogo. Lokacin bai yi ba. Mai gari da 'yan sintiri da jami'an tsaro su suka san inda ƙafa za ta iya takawa a yau, kuma abin da ya yiwu jiya ba lalle ya yiwu gobe ba.

Na kusa nake nufi. Kusan kowane ƙauye a ƙasar nan yana da ɗan abinsa a bakin gari, fa, ko tsohuwar kuka, ko ƙoramar da ake jin kiran salla daga bakinta. Malamin firamare zai iya zaunar da dattijo ɗaya a gaban 'yan aji shida, ya faɗi sunayen duwatsu da rafuka da itatuwan garin, yara su rubuta a littafi, a ajiye a ofishin hedimasta. Ba ya buƙatar kwangila, littafin rubutu ɗaya ne da biro. Mai unguwa zai iya cewa wannan fa ba a fasa shi, waɗannan ɗorawoyi ba a sara, kamar yadda aka yi a da, kuma a ji maganarsa. Matasan da ke yawo da waya su ɗauki hoton garinsu da kaka, lokacin da dammunan dawa ke jingine kuma dutse ya yi ja da yamma, su sa a Facebook. Duk wanda ya nemi Sabuwa a intanet yau, gawa da ƙonannun gidaje yake fara gani, kuma mu ne muka bar wa wasu aikin ba da labarinmu.

Ni dai na yi wa ɗan ƙanen nan nawa alkawari. Na ce ya dawo da abokinsa bayan an yi girbi, lokacin da karan gona ya kwanta ana hango nesa. Na riga na yi magana da mai garinmu, ya ce in hali ya ci gaba yadda yake, zai haɗa mu da mutum biyu. Za mu fita bayan azahar, mu tsaya a kan fa, mu hau iya inda gwiwata za ta yarda, in nuna masa inda ruwa ke raba hanya, mu sauko kafin rana ta yi ja. Na kuma ce ya zo da wandon da ba ya jin asararsa.